Ƙarfen Hadari

Ƙanwata,

Yau ma gabas ta haɗe rai. Ina kallonta, tana kallona.

Na daɗe ina so in ba mutane labarinki, amma duk sanda na rubuta "ni" sai yatsana ya ƙi gaba. Don haka zan ba da shi kamar labarin waɗansu mutane ne can, waɗanda ban taɓa sa hannu a akushi ɗaya da su ba. Na sauya sunan kowa, har da naki. Ki yafe mini.

Jama'a, ku ɗan dakata da gungura waya. Ku karanta.

Wata rana an yi wani saurayi, Nazifi, a wata unguwa ta bayan gari, can inda kwalta ke gajiya ta bar wa jar ƙasa hanya.

Kafintan rufi ne. Ba shi ke karɓar aiki ba, yaron Oga ne. Shi ke hawa, shi ke jera kwano, shi ke buga ƙusa. A aji biyu na sakandare ya ajiye biro, shekarar da mahaifinsu ya rasu. Tun daga nan da hamarsa gidan ke cin tuwo.

Su huɗu ne a gidan: shi, da Inna mahaifiyarsu, da ƙanwarsa Barira 'yar aji biyar, da autansu Muntari ɗan aji biyu.

Makarantar yaran firamaren gwamnati ce, a tsallaken kwari take.

Kwarin nan da rani yashi ne zalla, yara na langa a cikinsa. Da damina kuwa sai abin da Allah ya yi. Babu gada. An taɓa zuwa an auna, an kafa turaku. Turakun ma tuni mata suka yi girki da su.

Ita kuma makarantar, iska ta yaye rufinta tun Barira na ƙananan aji. Abin da ya rage sai katakai a sama, kamar haƙarƙarin saniyar da ungulu suka gama da ita. Ofishin hedimasta kaɗai ke da kwano, shi ma sai an tara bokiti.

A makarantar nan ba a leƙa taga don a ga yanayin gari.

Ɗaga kai kawai ake yi.

To, akwai wani tsohon wilin babbar mota da aka rataye a jikin darbejiya, shi ne ƙararrawarsu. A kaɗa na shiga aji, a kaɗa na tara, a kaɗa na tashi. Sai kuma wani na daban, wanda ake kaɗawa da sauri ba ƙaƙƙautawa. Yara suka sa masa suna ƙarfen hadari.

Ma'anarsa ɗaya ce: kowa ya ruga gida kafin ruwa ya sauko.

Yara suna son ƙarfen nan kamar me. Har addu'a suke yi hadari ya taso ranar da za a yi lissafi.

Ban da Barira. Ita haushi yake ba ta. Yarinya ce ƙarama, amma bakinta ya girme ta.

"Yaya, wai kai kullum kan masu kuɗi kake rufawa. Mu namu kan ƙwarya ne?"

"Ke bakinki ne ke neman rufi. Shi zan fara buga wa ƙusa."

"Inna, kin ji shi ko? Mutumin da sai ya yi bisimilla uku kafin ya karanta takardar wuta!"

Ya ɗaga takalmi, ta ruga bayan Inna tana gwalo. Inna ta ce su fita su ba ta wuri, kar su zubar mata da miya.

Haka gidan yake.

Ranar da abin zai faru, Nazifi na kan wani sabon bene a wata makarantar kuɗi a cikin gari, suna rufi.

Wajen hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin.

Ya leƙa ƙasa. Wata malama ta tafa hannu, yara suka shige aji a jere. Aka ja tagogi, aka kunna fitila. Yana jiyo su suna rera karatu, ko a jikinsu.

Daga kan benen yana hango unguwarsu can nesa, kamar an watsa gwangwanaye. Bai ji ƙarar ƙarfen ba.

Amma ya san ana kaɗa shi.

Abin da ba wanda ya sani a makarantar su Barira shi ne, tun asuba ake tafka ruwa a ƙauyukan tudu. Ruwan nan kuwa hanyarsa ɗaya ce.

Da yara suka iso kwari, ruwan bai wuce gwiwa ba. Ja ne, yana sauri, amma sun saba da irinsa.

Barira ta goya Muntari. Ta tsallake da shi. Ta dire shi a kan tudu.

Sai ta ga ƙafarsa ɗaya babu sandal. Ga shi can ya maƙale a wata saiwa, a tsakiyar ruwa.

Ku da ba ku yi irin makarantarmu ba za ku ce, sandal kuma?

Makarantar nan ba ta da rufi. Ba ta da katanga. Wani lokaci alli ma sai malami ya saya da kuɗinsa. Amma tana da bakin ƙofa, inda ake tsare duk wanda ya zo babu sandal a zane shi. Barira ta san bulalar da ke jiran ƙaninta gobe. Ta kuma san gumin da yayanta ya yi kafin ya sayo takalmin.

Ta ce, "Tsaya nan. Kar ka motsa."

Ta koma.

Sai ga babban ruwan ya kunno kai, ɗauke da itace da karan bara.

Washegari aka same ta, can ƙasa, a cikin gonakin rake.

Shi kuwa Muntari bai motsa ba. A inda ta dire shi aka tarar da shi, ruwa na dukansa, ƙafa ɗaya da takalmi.

Aka yi zaman makoki. Kowa ya shigo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Nazifi bai musa ba. Musulmi ne, ya san babu mai wuce ranarsa.

Amma ruwan nan ɗaya ne ya sauka a garin. A kan wasu yara ya sauka a kwano, a kan wasu ya sauka a ƙoƙon kai. Wannan ba daga sama aka raba shi ba.

Wasu manya suka zo daga ofis da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto. Suka ce za a duba. Suka shafa fatiha, suka kaɗe rigunansu, suka shiga mota.

Bayan an share makoki Inna ta yanke magana.

"Muntari ya gama boko. Ɗaya na ba su, ba zan ƙara ba. Ka tafi da shi ya riƙa miƙa maka ƙusa."

Nazifi ya san miƙa ƙusa. Da ita ya fara. Ya san inda take kai mutum: ranar da injiniya zai baje takardar zanen gini a gabanka, kai kuma ka kawar da kai kamar kana neman wani abu a aljihu.

Ga kuma Muntari. Tun ranar kwari ya daina magana. Amma kullum da safe sai ya zura yunifom ɗinsa ya je zaure ya zauna, yana kallon yara suna wucewa.

To, yaron nan zai koma aji, ko zai hau tsani?

Wannan ita ce tambayar da ta hana Nazifi sakat.

Da farko makarantar ya nufa, hama a aljihunsa. Shi kansa bai san abin da zai yi da ita ba.

Ya tarar da hedimasta, Malam Zubairu, dattijo mai furfura, zaune a ƙarƙashin darbejiya. Wilin na rataye a saman kansa.

Ko sallama Nazifi bai yi ba.

"Malam, kai ka kaɗa?"

"Ni na kaɗa."

"Ka san akwai kwari."

"Na sani. Zo ka ga wani abu."

Ya ja shi zuwa aji biyar. Ya zura hannu cikin tsagar bango, hannun ya shige har wuyansa.

"Ɗana, aikin gini ka sani. In ruwa ya jiƙa wannan, yara na cunkushe a gindinsa, me zai faru?"

Nazifi ya bi tsagar da kallo har sama.

"In na riƙe su, bango. In na sake su, kwari. Zaɓa mini ɗaya, gobe in yi aiki da shi."

"Ba ku kai kuka ba?"

Dattijon ya yi wata 'yar dariya wadda gara kuka da ita.

"Kuka gun wa? Duk uban da in ya buga tebur a ofishin ilimi za a miƙe tsaye, tuntuni ya kwashe 'ya'yansa daga nan. Saura mu da ku. Mu in mun yi magana a cilla mu ƙauye. Ku in kun yi a ce ku yi haƙuri."

Hamar nan ta yi wa Nazifi nauyi a aljihu kamar dutsen niƙa.

Ya zo neman mai laifi, ya tarar da wani mai makokin.

Daga nan ya koma makarantar kuɗin da suka yi wa rufi. Ya cire takalmi a ƙofar ofis, ya tambayi yadda ake sa yaro. Matar da ke wurin ba ta wulaƙanta shi ba, har kujera ta ba shi. Ta faɗi kuɗin zango ɗaya. Ya yi godiya ya fito.

A tsakar makarantar ya tsaya ya ɗaga kai. Kowace ƙusa a rufin nan ya san ta. Amma ƙaninsa ba shi da ikon zama a inuwarsa.

Da yamma ya durƙusa a gaban Inna, tana tsince shinkafa.

"Inna, a bar Muntari ya koma."

"Ka ci wani abu kuwa yau?"

"Inna, don Allah."

"Na ce ka ci wani abu? Don na ga yunwa ce ke sa ka sambatu."

"In ya hau tsani yanzu, ba zai sauko ba har abada. Ki dube ni."

Ta daɗe tana juya shinkafar nan a faranti. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"To, ka ɗaukar mini alkawari. Duk ranar da hadari ya taso, ko a kan hasumiya kake, ka sauko. Kai za ka tsallako mini da shi. Ranar da ka saɓa, ranar ya bar makarantar."

"Na ɗauka."

Muntari ya koma aji.

Yanzu ga abin da Inna ba ta sani ba game da sana'ar ɗanta.

Kafintan rufi ba ya sauka in hadari ya taso. Lokacin ne ma aikinsa. Kwanon da aka jera ba a gama bugawa ba, in iska ta shiga ƙarƙashinsa naɗe shi take yi kamar tabarma. Shi ya sa da zarar iska ta fara kaɗawa za ka ji hamomi na amsa juna kamar ana luguden daka. Kowa na sama. Ba mai ko shan ruwa.

A daidai wannan lokacin ne Nazifi ya yi alkawarin sauka.

Ranar farko da Nazifi ya sauka, Oga Labaran, maigidansa, bai hana shi ba. Da shi aka ɗauki makarar Barira.

Da aka sake, ya yi tsaki ya kawar da kai.

Sai suka samu aikin gidan wani babban mutum. Dogon kwano ne mai tsada, irin wanda ake yankowa daga kamfani daidai tsawon ɗaki. Sun jera rabin rufin ke nan, gabas ta murtuke.

Nazifi ya soke hama a ƙugu ya nufi tsani.

"Kai, Nazifi! Ina za ka?"

"Oga, hadari."

"Ai saboda hadarin nake cewa ka tsaya, ɗan nema! Layi biyu ya rage a buga!"

"Za a kaɗa ƙarfe, Oga."

"Wallahi in ƙafarka ta taɓa ƙasa, kar ta sake taɓa tsanina."

Nazifi ya dubi Oga. Ya dubi gabas.

Ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Ya tari ɗan acaɓa, suka keta gari iska na watsa musu ƙasa a ido. Tun daga nesa yake jiyo ƙarfen. Yara na kwararowa daga makaranta, masu ihu, masu dariya, masu riƙe da takalmi a hannu.

Ya tsinto Muntari a cikinsu ya saɓa shi a kafaɗa.

Kun san wani abu?

Kwarin a bushe yake ƙamas.

Ranar ko ɗigo bai sauka ba. Hadarin ya yi ta cika baki, ya watse. A kan busasshen yashi Nazifi ya tsallake da ƙaninsa.

Iska ce kawai aka yi. Ita kuwa ta isa. Ta shiga ƙarƙashin layi biyun nan, ta ɗaga kwanon babban mutum, ta murɗe shi, ta jefa a gidan maƙwabta.

Oga Labaran ba mugu ba ne. Daga aljihunsa ya biya kwanon. Da Nazifi ya je ba da haƙuri, bai zage shi ba.

"Ni ma 'ya'ya gare ni, Nazifi. Su ma tuwo suke ci. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Magana kuwa ba ta kwana a bakin kafintoci. Kafin mako ya zagayo kowa ya san shi: yaron nan da ke gudu in ya ga hadari. Wa zai ɗauki irinsa da damina?

Duk wannan don me?

Wata yamma ya zaunar da Muntari a ƙofar ɗaki.

"Auta, me kuka koya yau?"

"Shara muka yi."

"Bayan shara fa?"

"Malama ba ta zo ba. Monita ya ce duk wanda ya yi surutu zai rubuta sunansa."

"To kai rubuta mini naka sunan a ƙasa in gani."

Yaron ya ɗauki tsinke. Ya yi harafin farko da kyau. Ya tsaya, ya sosa kai, ya yi murmushi.

Ɗan aji biyu.

Wannan shi ne karatun da aka sayo da Barira, aka ƙara da sana'ar yayanta.

Nazifi ya zuba wa harafin nan ido. Amma sai ya tuna yaron nan kwanakin baya ko "Inna" ba ya iya cewa. Yau ga shi yana ba da labarin monita. Ya kama ɗan hannun, suka ƙarasa sunan tare.

Ko ɗan kaɗan ne, a can ake samu. Talaka ba shi da wata rijiyar.

Yanzu kullum da safe Nazifi na ɗaukar hamarsa ya ce, "Inna, na tafi."

Ta ce, "Allah ya tsare. A sauko lafiya."

Ba ta san babu inda yake hawa ba.

Kwari yake zuwa. Yana taya masu amalanke lodin yashi, ya samu abin da zai shiga gida da shi kar a gane. Tsakanin shebur da shebur yana ɗaga kai ya dubi gabas.

Ya san Inna. Ranar da ta ji makarantar ce ta ci aikinsa, ranar za ta naɗe yunifom ɗin Muntari ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ya je ya durƙusa wa Oga. Kuma ba za ta yi laifi ba. Cefane ba ya jiran ɗan aji biyu ya zama likita.

Darasi:

Suna cewa makarantar gwamnati kyauta ce. Ƙarya ne. Babu makarantar da ta kai ta tsada.

Mai kuɗi da kuɗi yake biya, a ba shi rasit. Talaka da abin da ba ya dawowa yake biya, a ce masa ya yi haƙuri.

Kuma makarantar nan ba don talauci ya yi wa gwamnati yawa ta lalace ba. Don 'ya'yan da ke cikinta ba su da uban da ake jin tsoro ne. Ranar da masu murya suka kwashe nasu, ranar ta zama marainiya. Sai ta yaye yaran da ba su iya rubuta sunansu ba, su girma babu murya, su haifi waɗanda za su zauna a gindin bangon nan dai.

Don haka in ka ga ɗan talaka ya bar karatu, kar ka yi saurin cewa iyayensa jahilai ne. Tambayi abin da suka riga suka biya.

Kar ku tsaya a "Allah sarki" a ƙasan rubutun nan. Ku tura shi gaba, ya yi ta tafiya daga waya zuwa waya har ya faɗa hannun wanda in ya buga tebur ake miƙewa. Kai kuma da ka karanta, gobe ka bi ta firamaren unguwarku. Ba sai ka tambayi kowa komai ba. Shiga aji ka ɗaga kai.

Ƙanwata, ke kin san wane ne Nazifi.

Damina ko rabi ba ta yi ba. Inna na can tana yi mini addu'ar sauka lafiya.

Har yanzu ban faɗa wa kowa an sallame ni ba.